Man birki yana raguwa amma ba a ga ɗigo ba

Ɗana, jiya da za mu tashi ka tambaye ni kan Golf ɗin hayar nan: sau biyu ka fitar mata da iska, birki ya yi tsauri, bayan sati ya sake laushi, man kofi (mazubin man birki) ya sauka, kuma ƙasan motar fes yake. Ka ce ko a sake fitar da iskar karo na uku. Kada ka sake. Layin birki rufaffe ne, man birki ba ya ƙonewa kamar na inji. Idan yana sauka, akwai inda yake bi, kuma wannan mota mutum shida ko bakwai take ɗauka kullum.

Fara da duba takalman birki. Idan sun cinye, fistin yana ƙara fitowa, mai ya bi shi, sai kofi ya ɗan sauka. Amma wannan a wata da watanni yake faruwa. Na sati ɗaya yoyo ne.

Ka ɗaga motar ka cire doram ɗin baya, wato gangar ƙarfen da ta rufe takalman birki. Nan ne yaran gareji suka fi yin ganda, don cirewar tana da wuya. Ka ɗan ɗaga robar da ta rufe bakin silindar da ke tura takalman, da ɗan yatsa. Idan ka ga damshi, ko ƙurar wurin ta zama baƙin taɓo mai maiƙo, ka kama ɓarawonka. Ƙura ce ke shanye man, shi ya sa ba ya kai ƙasa. Takalmin da ya sha mai kuwa a canza shi, kuma a canza na ɓangare biyun tare. Ban yarda da masu wanke shi da fetur su mayar ba.

In ƙafafun a bushe suke, ka lanƙwasa tiyo-tiyon roba ka nemi tsagewa yayin da wani ya danne birki. Daga nan sai masta, famfon da ke tura mai idan an taka feda. Ka kwance notuna biyun da suka riƙe ta a jikin busta (gangar da ke ƙara wa takun birki ƙarfi), ka ja ta gaba kaɗan, ka shafa bayanta. Robar baya in ta mutu, man yana zuba cikin busta ya kwanta a can. Na taɓa sauke wata busta na karkata ta, man da ya zubo ya kusa cika gwangwanin madara. Alamarsa ita ce fentin bustar ya kumbura a ƙasan masta, domin man birki yana cin fenti. Ka kuma tuna wasu motocin kuloci da birki kofi ɗaya suke sha, don haka yoyon na iya zama daga kulocin.

Akwai wata cutar daban: ka taka ka riƙe, feda ta riƙa nutsewa a hankali, amma mai bai ragu ba. Robobin cikin masta ne ke sakin mai ya koma baya.

Sai ka toshe yoyon sannan ka fitar da iska. A wannan motar ka fara da ƙafar da ta fi nisa da masta: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Ka sa siririn tiyo mai garai a kan notin fitar da iska na ƙafar, ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan mai, don ka ga kumfa da idonka. Wanda ke cikin motar ya famfa feda sau uku ya riƙe, ka buɗe, ka rufe, sannan ya saki. In ya riga ka saki, iska ya zuƙo. Ka sa ɗan katako ƙarƙashin feda kada ta kai ƙasa, don a tsohuwar masta robar za ta hau wurin da ya yi tsatsa ta yage. Bayan kowace ƙafa ka leƙa kofi. In ya ƙafe, aiki ya dawo sabo.

Man kuma ka karanta abin da aka rubuta a murfin kofi, DOT 4 ne a kan wannan. Kada DOT 5 ya kusance shi, ba jinsinsu ɗaya ba. Waccan robar man da ke kan benci tun damina a buɗe, ka zubar: man yana shan damshin iska, DOT 4 da ke tafasa a digiri 230 sai ya koma wajen 155, a gangara birki ya ɓace.

Gobe da safe ka fara da doram ɗin dama, ka kira ni kafin ka goge komai.