Tambaya da Amsa: Kwalkwalin Mayaƙan Farisa, Turkiyya da Indiya

Tambaya: Malam, na ga hotunan kwalkwali irin na tsofaffin mayaƙan Farisa da Turkiyya da Indiya, wani da tsini a ka, wani da zanen zinariya. Shin da gaske an shiga fagen fama da su, ko kayan ado ne kawai? Kuma me ya sa suka yi kama da juna?

Amsa: An yi yaƙi da su ƙwarai, sai dai ya danganta da zamanin da aka ƙera kowanne. Wanda ka gani mai tsini shi ne Farisawa ke kira kulah khud, ya kuma yi tashe a daular Safawiyya ta Farisa (Iran ta yau), wadda ta kafu a 1501. Ƙoƙo ne na baƙin ƙarfe, a gabansa akwai siririn ƙarfe da mahayi ke saukarwa ya kare hancinsa idan an gwabza, ya ɗaga shi idan ƙura ta lafa, sannan ga labulen sulke da ke rufe wuya da kafaɗu ba tare da ya hana shi waiwaye ba. Wannan dabara ta ƙarshe ita ta fi burge ni, domin mayaƙin da ke harbi da baka daga kan doki yana bukatar juya kansa fiye da yadda yake bukatar nauyin ƙarfe.

Turkawa sun bi wata hanya. A ƙarni na 15 an ƙera manyan kwalkwali masu siffar rawani, da yawa ɗauke da rubutun Larabci na azurfa, kuma Usmaniyawa, wato sarakunan daular Turkiyya, sun tara su a rumbun makamansu da ke tsohuwar majami'ar Aya Irini a Istanbul. A ƙarni na 16 sai ga chichak, mai baki a goshi da marufin kumatu da na ƙeya, wanda amfaninsa ya sa mayaƙan Hangare da Polan suka kwaikwaye shi.

Kamannin da ka lura da shi kuwa ya samo asali ne daga zirga-zirgar maƙera da fatake da mayaƙa, musamman bayan Babur ya ci yaƙin Panipat a 1526 ya kafa daular Mugal a Indiya, wadda fadarta ta rungumi al'adun Farisa. Indiyawa suna kiran nasu top, suka ƙawata shi da aikin koftgari, wato danna zaren zinariya a jikin ƙarfe. Mabiya addinin Sikh ma sun ƙera nasu da tudu a sama domin ya ɗauki tukkun gashinsu.

Inda zatonka ya yi daidai shi ne ƙarni na 19, zamanin daular Ƙajar a Iran. A lokacin bindiga ta riga ta rage wa kwalkwali amfani, saboda haka yawancin masu ƙaho da fuskar dodo an yi su ne domin jerin gwano, da wasannin ta'aziyya na watan Muharram, wato wasan kwaikwayon tunawa da kisan Imam Husaini, da kuma sayarwa ga baƙi Turawa.