Za mu kwana a tanti a bakin dam da ɗalibai 24, me zan tanada saboda maciji?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni malamin Islamiyya ne a Tudun Wadan Zariya. Mun shirya fita da ɗalibanmu maza su 24, 'yan shekara 11 zuwa 16, za mu yi kwana biyu a bakin dam ɗin Shika a hutun Disamba. A tanti za mu kwana, wurin ba wuta ba famfo ba banɗaki. Wallahi tunda iyaye suka amince na daina barci mai kyau, tsorona maciji da kuma ruwa. Wani ya ce in sayi dutsen maciji in riƙe, wani ya ce akwai wanda ke ba da maganin da ake barbaɗawa a zagaye tanti. Shi sanyi mun samo mafita, za mu tafi da kurfoti huɗu da buhun gawayi, sai ya ruru hayaƙin ya ƙare sannan mu shigar kowane tanti. Don Allah me ya kamata in tanada saboda maciji?

AMSA

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri da ka tambaya tun kafin tafiya. Tsoron da kake ji a kan hanya yake, 'ya'yan mutane ne a hannunka. Amma gaskiya lokacin da na karanta saƙonka ba maganar maciji ce ta tayar min da hankali ba, layin nan na kusa da ƙarshe ne, wanda ka ce kun samo mafita. Zan dawo kansa, bari in sallame ka kan abin da ka tambaya tukuna.

Maciji: kar ka sayi dutsen nan, kar ka ba mai barbaɗe kuɗinka. Dutsen ba ya tsotse dafi, abin da yake yi kawai ya zaunar da mutane suna jira har jini ya fara zuba ta dasashi. Abin da ke aiki shi ne a share wurin kafa tanti a nisanci tarin duwatsu da ramuka da doguwar ciyawa, kowane yaro da takalmi rufaffe da tocila, ba mai fita fitsari cikin dare da silifas, zif ɗin tanti a rufe, a kakkaɓe takalmi da safe kafin a sa ƙafa. Idan Allah ya ƙaddara sara, ko kububuwa ce ko kasa ko gamsheƙa, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. A cire zobe ko agogo, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi a mota zuwa asibiti, ga asibitin koyarwa na ABU nan a Shika. Shi ya sa dole mota ta kwana tare da ku, da mai a cikinta, da direban da ba zai ce ya koma gari sai gobe ba.

Ruwa kuma doka ɗaya ce, ba mai shiga. Ku kafa tanti kamar mita 60 daga baki, a kan tudu. Bakin dam yana da laka da gangara wadda yaro bai gani sai ya zurma, ga tsargiya, ƙwayoyinta ta fata suke shiga ko da ƙafa kawai aka tsoma, sai bayan makonni ka ji yaro na fitsarin jini. Ruwan sha da na alwala ku taho da shi a jarkoki. A haƙa rami nesa da ruwa saboda bahaya, a rufe. Ka je wurin dagaci da masuntan wurin da 'yan sanda da kanka da rana ka ji yadda tsaro yake a makon, takardar da wani ya buga wa sitamfi a ofis bai taɓa taka wurin ba ba za ta faɗa maka komai ba.

To yanzu gawayi.

Malam don girman Allah kar kurfoti ko ɗaya ya shiga tanti. Ko ya ruru, ko ya yi ja wur, ko an rufe shi da toka, ko ya ga kamar ya mutu. Wannan maganar ta "bari hayaƙin ya ƙare sai a shigar" ita ce maganar da na fi ji duk hunturu, daga bakin masu gadi, daga bakin masu jego, daga bakin ɗaliban jami'a, har da mutanen da suka yi karatun kimiyya, kuma kowa da cikakken yaƙini yake faɗa kamar wani ilimi ne da ya gada. Hayaƙi ba shi ne ke kisa a nan ba. Hayaƙi ma rahama ne, yana sa ka tari, ido ya yi yaji, ka tashi ka buɗe ƙofa. Mai kisan iskar kabon monoksaid ce, ba ta da launi ba ta da wari ba ta sa tari, kuma garwashi jajir wanda ba ya hayaƙi ko kaɗan yana nan yana fitar da ita har sai ya zama toka sanyi ƙalau. Kenan lokacin da kuka ga ya yi daidai a shigar, abin da ya ƙare shi ne gargaɗin, gubar tana nan. Masu rufewa da toka don ya kai asuba kuma, rage masa iska suka yi, kuma gawayi in bai samu isasshiyar iska ba gubar da yake fitarwa ƙaruwa take.

Ka san aikin jini ɗaukar oksijin ne. Ita wannan iska tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau sama da 200, in ta kama ba ta saurin saki. Sai mutum ya zama yana numfashi, ƙirji na ɗagawa, amma ƙwaƙwalwa da zuciya suna yunwa. Wanda yake a farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ƙafafu su ƙi ɗaukarsa. Wanda yake barci kuwa ba abin da zai tashe shi, daga barci sai suma. Yanzu ka hango tantinku, yara shida a kwance a wurin da bai kai rabin ɗakin soro ba, an ja zif har ƙasa saboda jaura, wataƙila an ƙara yafa tamfol a sama, raɓa ta jiƙe yadin ta toshe 'yan kafofinsa, kowa ya gaji da yawon wuni ya yi barci mai nauyi. Yara sun fi mu saurin numfashi don haka sun fi saurin shaƙa. In akwai ɗan sikila ko mai ƙarancin jini a cikinsu, shi zai fara faɗuwa.

Na san abin da za a ce maka, ai tanti yadi ne, iska na shiga. Ko a ce a bar zif a ɗan buɗe. Ko a ce minti goma kawai a ɗumama sai a fitar. Yadin tanti an yi shi ne don ya tare ruwa da iska, aikinsa kenan. Buɗe zif ɗan kaɗan ba ma'auni ba ne, ba ka da hanyar sanin ya isa ko bai isa ba tunda abin ba ya ganuwa. Minti goma ɗin kuma wa zai tashi ya fitar? Wanda aka ɗora wa aikin shi ma iskar yake shaƙa, abu na farko da take ci shi ne tunani da ƙarfin tashi. Sai kuma masu cewa ai mu tun kakanninmu da kasko muke kwana. Ɗakin kakanninmu na jinka ne, iska na ratsa shi ta ko'ina, kuma duk da haka wa ya ƙirga waɗanda aka wayi gari aka ce sun rasu cikin barci?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da ke biyo baya. Na taɓa karɓar wasu samari uku a wani hunturu, masu gadin gonar rani ne a bakin ruwa, sun kwana a bukkar tamfol da kasko. Da gari ya waye aka same su, ɗaya ya yi amai a kan bargonsa, ɗaya na surutai, na ukun ba ya motsi. Kusan azahar suka iso hannunmu. Ina suka tsaya? An ce 'yan ruwa ne suka taɓa su tunda a bakin ruwa suke, aka kira mai turare, aka sake rufe su a ɗaki aka kunna garwashi aka turara su. Sannan aka ɗura wa wanda ba ya motsi manja da madara. Na tuna mahaifinsa a tsugune a bakin ƙofa, hularsa a hannu, yana ce min Likita ai wutar ba ta hayaƙi, ni na rura musu da hannuna. Biyu sun tashi. Har yau in sanyi ya shigo ina tuna wannan dattijo.

Ni ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi, amma a yi ta a cikin mota ana gudu zuwa asibiti. Wanda zai karɓi kuɗi ya rufe mutumin da ya shaƙi gawayi a ɗaki da wani garwashin ya ji tsoron Allah. Haka mai kemis ɗin da za a kai masa mutum uku daga ɗaki ɗaya da ciwon kai iri ɗaya a safiya ɗaya, ya ce maleriya da taifod, ya ɗaura ƙarin ruwa ya rubuta allura. Wace maleriya ce ke kama mutum uku a dare ɗaya ba zazzaɓi, kuma in an fito da su waje su ɗan ji dama? Manja ba ya wanke jini, madara ba ta wanke jini, ɗura wa sumamme abu a baki huhu yake tafiya. Maganin oksijin ne. A iskar waje kawai, sai an yi kamar awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya bar jini, da oksijin tsantsa ta abin rufe hanci kuwa abin na saukowa kusan awa ɗaya da ɗan wani abu. Kuma ko a asibiti ku buɗe baki ku ce sun kwana da gawayi, don ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa a auna oksijin ɗin jini yana iya nuna kashi 98 cikin 100 alhali jinin cike yake da guba, ba ya bambance gubar da oksijin. Wanda ya farfaɗo ma a duba shi, akwai waɗanda bayan kwanaki ko makonni sai mantuwa da rikicewa su biyo.

Duk wannan ya shafi risho, da ƙaramin gas na shayi, da fitilar kananzir. Janareta in za ku je da shi, aƙalla mita 6 daga kowane tanti, bakin salansa ya kalli inda iska ke tafiya. Ba a kwana a mota a kunne an ɗaga gilashi. Maganin sauro na kunnawa ma ban yarda ba a tanti, yadin nan in ya kama wuta narkewa yake ya manne a fata, ku je da gidan sauro ko na shafawa.

To me za ku yi da sanyin, tunda da gaske ne akwai shi, duk wanda ya san asubar Samaru a Disamba ya sani, bakin ruwa kuma ya fi. Yawancin sanyin mai kwana a tanti daga ƙasa yake tasowa. A shimfiɗa leda ko tamfol, a sa kwali ko busasshiyar ciyawa, sannan tabarma, sannan 'yar katifa ko bargo. Bargon da ke ƙarƙashi ya fi na sama amfani. Kowane yaro da hular sanyi da safa busasshiya da riga biyu ko uku a jere, kayan da aka yi gumi a ciki da rana a cire. A ci tuwo mai zafi da dare, a sha shayi ko kunu. A ɗumama ruwa, ba tafasasshe ba, a zuba a gora mai murfi mai kyau a naɗe da tsumma a sa wajen ƙafa. Wutar ku hura ta a fili nesa da tantuna, ku zauna ku ji ɗumi ku yi karatu ku yi hira, lokacin kwanciya a kashe ta da ruwa, ba da toka ba.

Malam kai ne ma za ka tuna min, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar wuta a gida lokacin da za a yi barci. Muna karantar da shi a aji amma in hunturu ya zo sai mu ɗauki kasko mu shiga ɗaki. Ka karanta wa yaran shi a daren farko a bakin wutar, ka gaya musu dalili, saboda za su koma gida, kuma wallahi a cikin gidaje 24 ɗin nan akwai inda ake kwana da garwashi a ɗakin mai jego ko na tsohuwa. Sannan kar ka tsaya a faɗa kawai. Yaro ɗan shekara 15 in sanyi ya cije shi ƙarfe biyun dare zai lallaɓo ya ɗebi garwashi a gwangwani ya shiga da shi, yana ganin taimakon 'yan uwansa yake. Ku raba dare tsakanin malamai, mutum biyu a farke kullum, kowace awa a leƙa kowane tanti da tocila. Buhun gawayin da kurfoti huɗun, bayan an gama girki, a kulle su a but ɗin mota, makullin ya kwana a aljihunka.