Tambayoyinku: Guguwa na tafe, ga alkawarin da na yi wa 'yata

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Maryland ta Amurka. Bara a watan Satumba Allah ya karɓi ran 'yarmu ta fari tana da shekara 11, bayan doguwar jinyar sikila. Tun tana kwance take roƙon mu kai ta Fulorida ta ga teku, muna ta ce mata sai ta samu sauƙi. Bana ni da maigidana muka shirya ranar cikarta shekara da rasuwa ta same mu a can tare da ƙannenta biyu. Mun biya kuɗin jirgi zuwa Tampa, mun kama gida na mako guda a wani tsibiri a bakin ruwa. Saura kwana biyar mu tashi sai ga labarin mahaukaciyar guguwa ta doshi yankin, har an raɗa mata suna. Maigida ya ce a fasa. Ni kuwa gani nake in na fasa, na saɓa mata alkawari karo na biyu. Ba na barci, na kasa yanke komai. Mu tafi ko mu zauna? Kuɗinmu fa?
Wata uwa, Maryland

AMSA: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya jiƙanta, ya sa mai ceto ce, ya ba ku haƙurin rashi. Shawararmu ita ce kada ku je tsibirin nan a wannan makon. Ɗage tafiyar za a yi, ba fasa ta ba.

A mahaukaciyar guguwa ruwa ne ke kisa, iska tana baya. Binciken da aka yi kan mace-macen guguwa a Amurka daga 1963 zuwa 2012 ya nuna kusan tara cikin goma ruwa ne ajalinsu, rabin dukan mamatan kuwa tumbatsar teku ce ta ci su, wato ruwan da iska ke turowa ya hau tudu. Gidan da ke tsibiri a gaɓar Fulorida ta yamma yana daidai inda wannan ruwa ke fara sauka, domin teku a can ba shi da zurfi kusa da gaɓa, nan da nan yake tasowa. Da guguwar Ian ta sauka a 28 ga Satumba 2022, ruwa ya kai tsayin mita 3 zuwa 4 da ɗoriya a Fort Myers Beach, gadar da ke haɗa tsibirin Sanibel da tudu ta karye, fiye da mutum 140 suka rasu a jihar. Kwanaki kaɗan kafin nan hankalin kowa na kan Tampa, sai guguwar ta karkata kudu.

Wannan ne ya sa taswirar da kike gani a talabijin take yaudarar mutane. Farin zanen nan mai siffar mazurari ba girman guguwar yake nunawa ba. Inda ake zaton tsakiyarta za ta bi ne cikin kwana biyar, kuma an zana shi ta yadda sau biyu cikin uku ne tsakiyar ke tsayawa a cikinsa. Iska da ruwan sama suna kaiwa ɗaruruwan kilomita a wajensa. Haka lambar da ake ba guguwa daga 1 zuwa 5 ƙarfin iska kawai take aunawa: mataki na 1 yana farawa daga gudun kilomita 119 a awa, na 3 daga 178, na 5 daga 252. Lambar ba ta faɗin yawan ruwa, kuma tana sauyawa cikin dare ɗaya. Guguwar Milton a Oktoba 2024 ta tashi daga mataki na 1 zuwa na 5 cikin ƙasa da kwana guda.

Ki bar bin bidiyon da ake ta turawa a waya. Wuri biyu sun ishe ku: Cibiyar Lura da Guguwa ta Ƙasa da ke Mayami, mai fitar da sanarwa duk bayan awa shida, ƙarfe 5 da 11 na safe da 5 na yamma da 11 na dare agogon gabashin Amurka, sai kuma ofishin agajin gaggawa na gundumar da gidan yake. A taswirar cibiyar, in an shafa wa gaɓa launin ruwan hoda, ana cewa a zauna cikin shiri, iska mai ƙarfi na iya isowa cikin awa 48. In ta zama ja, gargaɗi ne, saura kamar awa 36. Tsibirai kusan duka suna shiyyar A, wadda ake fara umarta da ficewa. Ko kun isa, mai yiwuwa kafin ku kwance kaya a ce ku fita, ga filin jirgi a rufe. A lokacin Milton an rufe filin jirgin Tampa tun safiyar 8 ga Oktoba, alhali guguwar sai daren 9 ga wata ta sauka, gidajen mai da dama kuma suka ƙafe.

Batun kuɗi akwai wurin da gaggawa ke jawo asara. Kada ku riga kamfanin jirgi soke tikiti. A dokar sufurin Amurka, in kamfanin ne ya soke tashi, ko ya jinkirta shi awa uku a tafiyar cikin gida, kuma ba ku karɓi wani jirgin da ya ba ku ba, wajibi ne ya mayar muku da kuɗinku, cikin ranakun aiki bakwai in da katin bashi kuka biya. In ku kuka soke da kanku, galibi takardar yin wata tafiya kawai za a ba ku. Kamfanonin kan fitar da sassauci na sauya rana ba tara da zarar guguwa ta matso, ku duba shafinsu safe da yamma. In ranar ta zo ba su soke ba, ku sauya ranar kafin lokacin tashi, domin wanda bai je ba bai kuma sanar ba yakan rasa tikitin gaba ɗaya. Shi kuma gidan, yarjejeniyar da kuka sa wa hannu ce alƙali. Ku karanta sakin da ya yi maganar guguwa ko umarnin ficewa, ku rubuta wa mai gidan yau, a rubuce ba ta baki ba, ku nemi a matsar da ranar. Masu gida sun fi saurin yarda da sauyin rana a kan mayar da kuɗi, kuma ba laifi ku faɗa masa dalilin tafiyar. Ku ɗauki hoton sanarwar hukuma mai ɗauke da rana da lokaci, za a nema. In kun sayi inshorar tafiya kafin a raɗa wa guguwar suna, ku kira su. In ba ku saya ba, kada ku ɓata kuɗi yanzu, ba ta biyan guguwar da aka riga aka sa wa suna.

Duk wannan kiraye-kirayen ba ke za ki yi ba. Kasa yanke shawara da rashin barci ba rauni ba ne, haka makoki yake, yana cinye hankali, musamman in ranar rasuwa ta gabato. Ki damƙa wa maigida ko wani ɗan'uwa lambobin tikiti da takardun gida, ku kuma tsayar da magana ɗaya tun yau: in gobe da yamma Tampa na cikin zanen nan, an ɗage. Sa wa'adi yana raba mutum da duba waya ƙarfe uku na dare.

Maganar alkawari ita ce mai nauyi, kuma ba za mu ce miki ba komai ba ce. Amma ciwo ne ya hana waccan tafiyar, ba ke ba. Kin jira ta samu sauƙi ne domin kina tsare lafiyarta, abin da kowace uwa za ta yi ke nan, yanzu kuma lafiyar ƙannenta kike tsarewa. Su ma sun yi rashin yaya, kuma kwana a makarantar da aka mayar mafaka, cikin duhu da rugugin iska, a ranar da suka rasa ta, zai daɗe a ransu. Lokacin da Sayyadina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddara yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Maigidanki ma yana iya kasancewa tsoron sake binne wani ne ya sa ya ce a fasa kai tsaye. Ki tambaye shi, maza da yawa a haka suke kukansu.

Ranar dai kada ki bar ta fanko, domin wayewar gari ba shiri shi ya fi ciwo. Ku tsara ta tun yanzu: addu'a, sadaka da sunanta, kiran dangi a gida, girka abincin da take so, a bar yara su faɗi abin da suke tunawa. Addu'a ba ta buƙatar bakin teku kafin ta isa gare ta. In zuciya ta nace sai ta ga ruwa, Maryland na da tata gaɓar, muddin hasashe ya nuna guguwar ba ta biyo ta can ba, kuma kallo kawai, ban da shiga, saboda igiyar ruwa mai ja tana kaiwa nesa da inda guguwa take. Tafiyar Fulorida kuwa ku sa mata tabbatacciyar rana kafin ku ajiye waya da kamfanin jirgi. Lokacin guguwa yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, saboda haka hutun Disamba ko na Maris ya fi kwanciyar hankali. In bayan shekarar nan har yanzu kin kasa ci, kin kasa aiki, kewarta ta hana ki komai kusan kullum, ki ga likita, akwai maganin wannan hali. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, ki kira 988, layin agaji na masu irin wannan tunani a Amurka, a take, dare ko rana.

TAMBAYA: Na ɗauko mahaifiyata daga Kano bayan rasuwar ƙanena don ta ɗan sauya wuri. Muna otal a Orlando, an ce za a rufe filin jirgi, ba mu samu kujera ba. Tana allurar ciwon suga. In ja mota mu gudu ne?
Wani ɗa, Ohio

AMSA: Allah ya jiƙansa, ya ba Mama haƙuri. Malam, Orlando na tsakiyar jihar Fulorida, tumbatsar teku ba ta kaiwa can. In otal ɗin ginin siminti ne, ba a kwari yake ba, hukuma kuma ba ta ce a fice ba, zama ya fi hawa titi a makare. A 2005 da mutanen Houston suka fita gaba ɗaya gudun guguwar Rita, cunkoso da zafi da haɗari a hanya sun kashe mutane fiye da waɗanda guguwar ta kashe. In dole sai an tashi, a tashi da wuri da cikakken tanki, a je kusa, inda ya fi tudu.

Yau za ka yi sayayya, gobe kantuna sun zama wayam. Ruwan sha galan ɗaya, kusan lita 4, ga kowane mutum a rana, na aƙalla kwana uku, na bakwai ya fi. Abincin da ba ya buƙatar wuta: burodi, dabino, gyaɗa, kifin gwangwani, madarar gari. Tocila da batir, ban da kyandir. Tsabar kuɗi, domin in wuta ta ɗauke na'urar cirar kuɗi da ta karɓar kati duk sun tsaya. Ka cika wayoyi da caji, ka cika bahon wanka da ruwa don alwala da kora bayan gida. Fasfo da takardun Mama a leda mai zif. Ka nemi ɗaki a hawa na biyu ko na uku: ƙasa ruwa na iya shiga, can sama iska ta fi ƙarfi, lifta kuma ba za ta yi aiki ba.

Maganin sugan shi ne abin lura. Insulin yana jure zafin ɗaki har kwana 28 in bai wuce digiri 30 ba. Firjin da ba a buɗe shi yana riƙe sanyi kamar awa huɗu bayan ɗaukewar wuta. Daga nan a sa shi a ƙaramar kula, a naɗe da tawul kada ya taɓa ƙanƙara, don in ya daskare ya lalace ko da ya narke. Mai makoki yakan ƙi cin abinci, allura ba ci kuwa tana faɗar da suga. Ka riƙa auna ta, ka ajiye lemon kwali ko sukari kusa, domin in iska ta kai wani ƙarfi motar asibiti ba ta fitowa sai ta lafa.

In abin ya kankama, ku rufe labule, ku koma banɗaki ko barandar ciki, nesa da taga. Manna salatif a gilashi ba ya hana shi fashewa. Wayarka ta kwana a kunne saboda gargaɗin guguwa mai murɗawa, irin waɗanda Milton ta haifar suka kashe mutane a gundumar St. Lucie, nesa da inda ta sauka. In an ji shiru kwatsam, kada a fita, tsakiyar guguwar ce ke wucewa, iskar za ta dawo ta ɗaya ɓangaren.

Ka gaya wa Mama abin da ke tafe dalla-dalla, kada ka ɓoye mata, wadda ta yi rashi kwanan nan ta fi firgita da abin da ya zo ba zato. Kana iya ce mata da yawa daga irin wannan guguwa daga hadarin daminar yankinmu suke faro, wanda ke ratsa Nijar da arewacin Najeriya ya nufi yamma, ya faɗa teku ta gaɓar Senegal, ɗumin ruwa ya ƙara masa ƙarfi. Ka kira gida tun kafin layi ya katse, ka ce in an ji ku shiru kwana biyu wuta ce babu.

Bayan ta wuce ake yin sakaci. Kada ka shiga ruwan da ke kan titi: mai gudu na santimita 15 yana kayar da babba, na 30 yana ɗauke ƙaramar mota, wayar lantarki kuma na iya kwanciya a ciki. In kun koma gidan wani mai janareta, a ajiye shi waje, mita 6 daga ƙofa da taga, ban da gareji ko da a buɗe yake. Iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari, ita ta kashe mutane da dama a Louisiana bayan guguwar Laura a 2020. Kada ku nufi filin jirgi sai kamfani ya tabbatar muku da sabuwar kujera a rubuce.