Hukuncin haɗa giya a gida da stibiya ko zuma maimakon suga

Tambaya: Salam malam, dan Allah wani abokina ne yake haɗa giyar sha'ir a gida, yace shi ba ya sa suga, stibiya (wani ganye mai zaƙi) yake sawa wani lokacin kuma zuma, wai tunda babu suga ba za ta bugar ba. Ya halatta in taya shi ko in ɗanɗana?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Toh ɗan'uwa bai halatta ba, kuma abokin nan naka bai gane inda barasar take fitowa ba. Shi sha'ir in aka jiƙa shi ya tsiro aka dafa, suga ne a jikinsa, shi ne yis yake ci ya mayar da shi alkohol, kaga ruwan ya fara kumfa yana tashi da wani wari mai tsami, to aikin ya riga ya kankama tun kafin a zo maganar ɗanɗano. Gaskiya ne yis ba ya cin stibiya da sakarin, amma ai zaƙi kawai suke ƙarawa, ba sa cire ko ɗigo na abin da ya riga ya samu, giyar tana nan da alkohol ɗinta kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari. Zuma kuwa ma ƙara mata ƙarfi take, don yis yana cinta sosai.

Wannan tambayar fa an yi ta tun zamanin Annabi (SAW). Abu Musa al-Ash'ari ya tambaye shi kan abin sha biyu na Yaman, bit'u na zuma da mizru na sha'ir, sai yace duk abin da ke bugarwa haramun ne, Bukhari da Muslim suka ruwaito. Kaga kenan illar ita ce maye, ko da me aka zaƙaƙa. Ɗanɗanawar ma babu ita, abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma haramun ne, sannan mai matsa giya da mai ɗaukarta suna cikin waɗanda aka la'anta, wlh abin yana bani tsoro yadda matasa ke ɗaukarsa kamar girki.

In abin sha mai zaƙi kuke so, jiƙa dabino ko zabibi, kar a sa yis, a shanye da wuri. Ibn Abbas ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ba ya shan tsimin da ya wuce kwana 3. Ka yi masa nasiha cikin taushi, kar ka taya shi. Wallahu a'alam.