Ku Tambayi Anti: Likitan waya, a saki jiki da shi ko kuwa?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonni uku na ɗauko wannan makon, duk a kan ganin likita ta waya ne, abin da tun lokacin kullen korona a 2020 ya shigo mana gari kuma ya zauna.

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ki raba mu gardama da maigidana. Shekaranjiya cikin dare yarona ɗan shekara 3 jikinsa ya yi zafi rau, babansa yana Abuja wajen aiki ni kuma ba na fita da dare, sai ƙawata ta turo min lambar wani likita da ake biya a yi magana da shi ta WhatsApp, na tura kuɗi muka yi bidiyo ya kalli yaron yai ta jero min tambayoyi, ƙarshenta wai in ba shi farasitamol in goge masa jiki da ruwa mai ɗumi, gari na wayewa in kai shi gwajin jini. Ni wlh haushi ya kama ni, toh in dai asibitin zan je meye amfanin kuɗin da na biya? Maigida ya ce likitan ya yi daidai, ni na ce cin kuɗi ne kawai. Daga wata uwa a Tudun Jukun, Zariya.

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata, ya mai jiki? Wannan karon kam sai dai ki yi haƙuri, maigida ya kayar da ke. Da a ce mutumin nan kallon yaron kawai ya yi ta waya ya ce maleriya ce da taifot ya rubuto miki allurai da antibayotik kala uku, shi ne zan ce miki ki goge lambarsa.

Kin san zafin jiki ba ciwo ɗaya ba ne, alama ce. Maleriya na kawo shi, ciwon kunne na kawo shi, limoniya, ciwon maƙogwaro, ciwon mafitsara, in lokacin zafi ne ga sanƙarau, kuma duk a fuskar waya kamarsu ɗaya, yaro ne kwance yana kuka. Shi ya sa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwadawa kafin a ba da maganin maleriya, gwajin nan na ɗan tsinke da ake ɗiga jinin yatsa kuwa minti 15 zuwa 20 ne sakamako ya fito. Mu ne dai muka saba da an ji jiki ya ɗumama a aika yaro kemis.

Ni da na yi shekaru ina aikin jinya, abin da kullum nake faɗa shi ne likitan waya yana da ido da kunne amma ba shi da hannu. Ba zan manta wata yarinya ba, kwana biyu ana ba ta maganin tsutsar ciki a gida, tana zaune shiru abinta har tana wasa da ɗankwalin uwarta, ko ni da na kalle ta ban ɗauka wani abu ba ne, sai da aka kwantar da ita likita ya danna ƙasan cikinta ta dama a hankali ya ɗage hannu, yarinyar ta zabura ta ƙwalla ƙara. Afendis ne, a daren aka shiga da ita tiyata. Wace kyamara ce za ta nuna wannan? Haka sauraren ƙirji, haka leƙa cikin kunne, haka lanƙwasa wuyan yaro a ji ko ya sandare.

Toh me kika saya da kuɗinki? Tambayoyin nan da suka gundure ki. Na san ya tambaye ki ko yana shan ruwa, ko yana amai da duk abin da aka ba shi, ko ya yi jijjiga, ko numfashinsa na sauri haƙarƙari na lotsawa, ko yana farkawa in an tashe shi. Da amsa ɗaya ta ɓaci da cewa zai yi ki buga wa maƙwabta ƙofa a nemo mota a daren, ba jiran safiya. Da ya ji babu, sai ya ce ki kwana. Mace ita kaɗai da yaro ƙarfe ɗayan dare, a samu mai ilimin da zai bambance mata tsakanin "tashi yanzu" da "bari gari ya waye", gaskiya ni ban ga asara ba. Sai dai ki riƙe wannan, jaririn da bai kai wata 3 ba in jikinsa ya yi zafi ba a tsayawa neman sabis, asibiti ake nufa. Haka mai ciki da ta ga jini ko ciwon kai ya matsa mata tana gani dishi-dishi.

Tambaya: Anti ni ɗalibi ne a Samaru, ina da wata larura ta gaba da nake jin kunyar faɗa wa kowa, fitsari da zafi da sauransu. Na ga wani dokta a TikTok yana bayani, na yi masa magana ya ce in turo hoton wurin da kuɗin magani zai aiko min ta tasha. In tura?

Amsa: Ɗana kar ka tura, ko hoton ko kuɗin. Farar riga ai ko tela a Sabon Gari ka kai wa yadi zai ɗinka maka. Wanda shi ne mai duba ka, shi ne mai sayar maka da maganin, kuma ba ka san sunansa na gaskiya ba balle inda yake aiki, wannan cinikin biri a sama ne. Likita na gaske a Najeriya yana da rajista da hukumar MDCN mai kula da likitoci, yana da lamba, yana sabunta lasisinsa duk shekara, kuma ba ya jin haushi don ka tambaye shi cikakken suna da asibitin da yake. Hoton al'aura kuwa in ya bar wayarka ya bar hannunka, an yi dokar kare bayanan mutane a 2023 amma wa za ka kai ƙara in ba ka san ko waye ba?

Na yarda kunya ce ke kai mutane da yawa wajen likitan intanet, kuma nan ɗin yana da rana, abin da bakinka ba zai iya furtawa gaban mutum ba yatsa zai rubuta. Amma irin naka ana bukatar gwajin fitsari ko na ruwan da ke fita don a san wace ƙwayar cuta ce, saboda shan kafso barkatai ya sa wasu cututtukan sanyi sun daina jin magungunan da aka saba. In kana da wadda kuke tare ita ma sai an duba ta, in ba haka ba ka warke ka sake ɗauka. Je ka asibitin makarantarku, abin da kake ɓoyewa sun gan shi sun gaji.

Tambaya: Anti mahaifinmu yana Giwa, hawan jini gare shi, duk wata sai mun ɗauko shi zuwa Zariya ganin likita, kuɗin mota da wahala ga tsufa. Za a iya komawa waya?

Amsa: Ɗan'uwa Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Naku ne ma ya fi dacewa da waya, tunda an riga an san ciwon, akwai fayil, likitan ya taɓa taɓa shi da hannunsa. Amma shi likitan nasa za ku tambaya ko zai yarda a riƙa yin wasu ganin ta waya, kar ku ɗauko baƙo ya canja masa magani. Ku sayi na'urar awon jini irin ta damtse, ku koya wa wani a gidan, Baba ya zauna ya huta minti biyar kafin a auna, safe da yamma, a rubuta a ɗan littafi da kwanan wata a ɗauki hoto a tura. In yana yawan wuce 140/90 ku sanar da likita. In ya kai 180/120, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ku ajiye wayar ku kamo hanyar asibitin koyarwa na Shika. Gwajin ƙoda da na suga kuma dole dai a kawo shi lokaci-lokaci, sai ku haɗa masa da ranar da zai zo ganin jikoki.