Amsa ga Yaya kan hotunan shehunai

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Yaya, na saurari tambayarka, wai hoton shehi da ake bugawa a takarda yana da wani aiki ban da ƙawata bango? Wallahi yana da shi, kuma ba ƙarami ba.

Ka duba Senegal. Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya kafa ɗariƙar Muridiyya, Turawan Faransa suka kore shi zuwa Gabon a 1895, bai dawo ba sai 1902. Shekara da shekaru hotonsa guda ɗaya tak mutane suka sani, wanda aka ɗauka wajen 1913 yana ƙarƙashin tsaronsu. Yana tsaye cikin farar riga, ya yafa farin mayafi ya rufe baki, inuwa ta kusa ɓoye idanunsa. Masu sa masa ido ne suka ɗauki hoton fa, Yaya! Amma yau wannan hoton ne a bangon gidaje, a jikin motocin haya na Dakar, a zanen gilashi, a wuyan almajirai. Yaron da bai taɓa buɗe littafin tarihi ba, da ya ga farar rigar nan ya san wane ne, ya san an kore shi bai sunkuya ba. Ka ga takarda ta koyar da shi tarihin ƙasarsa tun bai shiga aji ba.

Iran ma haka, fuskar Khumaini tana kan kuɗinsu, kullum tana hannun mutane.

Abin da yake damuna shi ne ɗaya ɓangaren. Shehu Usman Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, kyamara kuwa sai 1839 ta fito wa duniya. Kenan hoton da ake yawo da shi da sunansa, zane ne na wani, ba fuskarsa ba ce. Haka na Shehu Ahmadu Tijjani da ya rasu a Fas a 1815. Ba na zargin masu riƙe su, ƙauna ce ta sa. Amma yaro yana tasowa ya ɗauka haka Shehu yake.

Sannan wanda ba a zana ba, sai a manta da shi. Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta rubuta waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauye ƙauye suna karantar da mata. Ka tambayi yaranmu a gida ko sun san ta, ka ji amsar da za su ba ka.