Tambaya da Amsa: Wanda Magana Ta Gagara, Yana Tunani Kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifina ya kamu da shanyewar ɓarin jiki na dama, kuma tun daga lokacin magana ta gagare shi, in ban da kalma ɗaya ko biyu. Abin mamaki, idan aka fara karanta Fatiha yakan bi har ƙarshe. Wasu dangi suna cewa hankalinsa ya gushe, har sun daina neman shawararsa. Shin wanda ba ya iya magana yana tunani kamar sauran mutane?
Daga wata mai karatu, unguwar Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Bisa ga bayaninki, dangin nan sun yi gaggawar yanke hukunci, domin magana da tunani ba wuri ɗaya suke zaune a cikin ƙwaƙwalwa ba.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma an rarraba musu aiki. Ɓangaren hagu shi ne yake sarrafa ɓarin jiki na dama, kuma a wurin mafi yawan mutane a nan ne cibiyoyin harshe suke. Shi ya sa idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a hagu, hannun dama da magana sukan tafi tare. A shekarar 1861 wani likitan Faransa mai suna Paul Broca ya duba wani majinyaci da ya shafe shekaru ba ya furta komai sai “tan”, alhali yana gane abin da ake faɗa masa. Bayan rasuwarsa aka samu lalacewar a gaban ƙwaƙwalwa ta hagu. A 1874 kuma Carl Wernicke na Jamus ya bayyana kishiyar wannan: majinyatan da magana take zuba daga bakinsu ba ma'ana, kuma fahimta take yi musu wuya.

Batun Fatiha ba baƙon abu ba ne ga likitoci. Abin da mutum ya haddace ya maimaita shekara da shekaru, kamar ƙirga, gaisuwa da addu'a, yakan tsira, saboda fitar da shi ba ya buƙatar a harhaɗa sabuwar jimla.

Masana da dama sun daɗe suna ɗaukar harshe a matsayin abin da ya raba mu da dabbobi, kamar a ce babu tunani sai da shi, amma a ganina cutar irin ta Baba ta nuna gaɓar da wannan ra'ayi ya gaza, tunda an ga masu ita suna yin lissafi, suna gane abin da wani yake nufi a ransa, suna jin kunya da ɓacin rai idan an wulaƙanta su. Saboda haka kada a riƙa zancensa a gabansa kamar ba ya nan.

Ku yi masa tambayoyin da amsarsu “i” ce ko “a'a”, ku ba shi lokaci, kada a yi ta ƙarasa masa magana. Likita ne zai auna yawan abin da yake fahimta, don haka ku nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ku tambayi batun gashin ƙashi da horon magana. Idan yana da hawan jini, kada ya yi fashin shan magani.